Inshorar Gida Da Hukuncin Bangon Da Ya Tsage

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya sanya gidaje su zama wurin natsuwa da sutura ga bayinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban Manzanni, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, a daren Litinin wayewar garin Talata, 10 ga watan Satumba na shekarar 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya malalo cikin birnin Maiduguri mutane suna barci. Ya shiga fadar Shehu, ya shiga Kasuwar Monday da asibitin koyarwa, ya ture katangar gidan kurkuku, ya raba ɗaruruwan dubban mutane da muhallinsu. Dattawan garin sun tuna irin wannan a shekarar 1994. Da ruwa ya janye sai aka shiga kashi na biyu na jarrabawar, wanda ba ya ƙara, ba a kuwa buga shi a jarida. Watau gidan da ya tsaya da ƙafarsa ranar ambaliya, bayan 'yan makonni sai a ga bango ya dare daga gindi har zuwa taga, ƙofa ta ƙi rufuwa, daɓe ya lotsa. Haka kuma aka gani a Mokwa ta Jihar Neja a ƙarshen watan Mayu na 2025, inda asarar rayuka ta yi muni ƙwarai. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar wa masu hasara da alheri.

Tun daga lokacin tambaya ɗaya ta yawaita a bakin masu gidaje, musamman ma'aikata da 'yan kasuwa waɗanda suka zuba gumin shekara ashirin a cikin ɗaki huɗu da zaure: shin ya halatta Musulmi ya yi wa gidansa inshora? Tambaya ce mai kyau. Amma akwai ta biyu wadda ba a cika yi ba, alhali kuwa ita ce ta fi shafar aljihu da lahira gaba ɗaya: in ya yi, wace ɓarna ce za a biya shi, wace ce kuma za ta zauna a wuyansa shi kaɗai?

Inshorar gida dai yarjejeniya ce tsakanin mai gida da kamfani. Shi yana zuba wani kuɗi ƙayyadadde kowace shekara, kamfani kuma ya ɗauki alkawarin biyan hasarar da ta sami ginin ta hanyoyin da aka ambata a takarda. Asalinta daga Ingila ne, bayan babbar gobarar birnin Landan ta shekarar 1666, wadda ta cinye gidaje fiye da 13,000. Saboda haka ba a sami hukuncinta da sunanta a littattafan magabata ba. Daga cikin malaman fiƙihu na farko da suka tattauna ta akwai Ibnu Abidin, malamin Hanafiyya na Dimashƙa wanda ya rasu a shekarar 1836. Shi ya ga fataken teku suna biyan wani kuɗi domin a lamunce musu kayan da ke cikin jirgi, ya kuwa tafi a kan cewa bai halatta ɗan kasuwa ya karɓi wannan diyya ba, domin an ɗora wa mutum biyan abin da shari'a ba ta ɗora masa ba.

Malaman zamani sun daɗe suna kai da komowa a kan al'amarin. Majalisar manyan malamai ta Sa'udiyya a shekarar 1977, da majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka a shekarar 1978, da majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda cikin watan Disamba na 1985, duk sun tsaya a kan magana ɗaya: inshorar kasuwanci haramun ce, inshorar taimakon juna kuwa halal ce. Babbar hujjarsu ita ce garari, watau cinikin abin da ba a san ƙarshensa ba, wanda Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya hana. Mai gida yana iya zuba kuɗi shekara talatin bai karɓi ko kwabo ba, wani kuma ya zuba sau ɗaya ya karɓi miliyoyi; babu wanda ya san abin da ya saya ranar da ya sa hannu. Suka ƙara da cewa musanyar kuɗi ce da kuɗi tare da fifiko da jinkiri, ga shi kuma kamfanonin suna juya dukiyar a hanyoyin riba. Adalci ne a faɗi cewa ba a rasa mai saɓani ba. Shaihu Mustafa Zarƙa na Sham, malami ne da ba a raina iliminsa, ya tsaya a kan halascinta tun daga taron Dimashƙa na 1961, yana ganin abin da mutum ya saya shi ne kwanciyar rai, ita kuwa ya same ta tun ranar farko. A zaman Makka ma shi ne ya saɓa wa sauran. Sai dai maganar jama'ar malamai ita ce ta fi ƙarfin hujja, ita ce kuma ta fi kuɓutar da mutum.

Malaman da suka rufe wannan ƙofa ba su bar mutane a rana ba. Sun nuna wata, wadda ake kira takaful. Asalinta yana cikin abin da Buhari da Muslim suka ruwaito game da Ash'ariyawa, mutanen Abu Musa, waɗanda in guzurinsu ya ƙare a wurin yaƙi, ko abincin iyalinsu ya yi ƙaranci a Madina, sai su tara abin da ya rage a mayafi ɗaya su raba daidai, Annabi (S.A.W.) ya yabe su har ya danganta su ga kansa. A cikin takaful kuɗin da mutum ya zuba kyauta ce ya yi ga asusun jama'a, ba farashin wani abu ba ne, garari kuwa a mazhabar Maliku ba ya ɓata kyauta kamar yadda yake ɓata ciniki. Kamfani wakili ne kawai, yana karɓar ladan aikinsa sananne. In an biya masu hasara aka sami rara, ta masu zubi ce. In asusu ya gaza, kamfani ya ranta masa bashi marar ruwa. A Sudan aka fara kafa irin wannan kamfani a shekarar 1979, ƙarƙashin Bankin Musulunci na Faisal. A Nijeriya hukumar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, aka kuma ba kamfanonin Jaiz Takaful da Noor Takaful lasisi a 2016. Sunan Larabci a kan allon ofis ba ya halatta kome, lalle ne mai shiga ya tambayi ina ake ajiye kuɗin, wa ke cin rarar, su wane ne malaman da ke sa ido. Amma uzurin da ake bayarwa dā, cewa babu ta halal a ƙasar nan, ya riga ya faɗi.

To, a nan ne tambaya ta biyu take shigowa, kuma a nan ne mutane da yawa suke shan mamaki ranar da ba ta da amfani. Takardar inshorar gida, ta kasuwanci ce ko ta takaful, ba ta ce za a gyara duk abin da ya lalace a gida ba. Abin da ta lamunta shi ne ɓarnar da ta auko farat ɗaya daga waje: gobara, tsawa, guguwa, mota ta kauce hanya ta daki katanga, bututun ruwa ya fashe, da ambaliya in an ambace ta. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya taɓa harsashin gini ko ginshiƙansa, a nan akwai magana. Amma ɓarnar da ta zo sannu a hankali, galibi an fitar da ita da baƙin rubutu: nitsewar gini saboda nauyinsa, tsufa, danshi da ke cin gindin bango, gara, saiwar itace, kuskuren zane, ha'incin magini, kayan aiki marasa kyau. Ƙasashe ma sun bambanta. A Ingila inshorar gini takan haɗa da zaftarewar ƙasa a ƙarƙashin harsashi, ko da yake mai gida shi ke ɗaukar kashin farko na kuɗin gyara, wanda yawanci yakan kai fam 1,000. A Amurka kuwa takardar da aka saba da ita ta fitar da motsin ƙasa da ambaliya gaba ɗaya, har sai da gwamnatinsu ta kafa shirin inshorar ambaliya dabam a shekarar 1968. Saboda haka wanda ya sa hannu bai karanta ba, ko bai nemi a fassara masa ba, bai san abin da ya ƙulla ba, alhali Suratul Ma'ida da umurnin cika alkawura ta buɗe. Ta yaya mutum zai cika alkawarin da bai san lafazinsa ba, ta yaya kuma zai nemi a cika masa?

Mai gida yakan ji haushi in an ce masa tsagewar bangonsa ba ta cikin lamuni, ya ce kamfani ya yi masa wayo. Wani lokaci da gaskiyarsa, domin akwai masu ɓoye sharaɗi cikin ƙananan haruffa, wannan kuwa yaudara ce ko wane ne ya yi ta. Amma iyakar da aka shata tsakanin ɓarnar farat ɗaya da ta sannu a hankali ba baƙuwa ba ce ga ɗalibin fiƙihu. Malamai sun daɗe da rarrabewa tsakanin ja'iha, watau masifar da ba a iya tunkuɗe ta, kamar fari da ƙanƙara da ambaliya, da kuma sakaci, wanda yake aikin hannun mutum ne. A kan ja'iha ne Annabi (S.A.W.) ya yi umurni a sassauta wa wanda ya sayi 'ya'yan itace suka lalace, kamar yadda ya zo a hadisin Jabir. Sakaci kuwa ba a raba shi da kowa, mai shi ke ɗauka.

In an duba da idon gaskiya, mafi yawan tsagewar harsashi a garuruwan Arewa daga kashi na biyu take. An cike kududdufi da shara da ɓaraguzai, bayan damina biyu an yanka shi fuloti, an ɗora bene a kai. An toshe hanyar da ruwa ya saba bi tun zamanin kakanni, an ce ya nemi wata. An haƙa masai ko sokawe jingine da bango, yana tsatsafowa ƙarƙashin fandisho shekara da shekaru. An bar indararo yana zuba a gindin katanga babu lambatu. An rage siminti, an rage rodi, an sayi bulon da yaro zai murƙushe da hannu, domin a sami na fenti da tayil waɗanda ido ke gani. A wasu wurare kuma ƙasar ce da kanta take da hali, kamar baƙar lakar nan ta yankin Dikwa da Gamboru Ngala wadda mutanen Barno suke kira firgi, da irinta a wajen Numan: da damina ta sha ruwa ta kumbura ta ɗaga gini, da rani ta bushe ta dare ta sake shi, har bango ya gaji. Wannan halittar Allah ce, amma sananniya ce, kuma injiniyoyi sun san irin harsashin da ke zama a kanta. Wanda ya ƙi tambaya don gudun kuɗin awon ƙasa ba zai kira abin da ya same shi ja'iha ba. Alƙur'ani mai girma, a aya ta 109 ta Suratut Tauba, ya buga misali da mai kafa gininsa a gaɓar rami mai zaftarewa. Maganar a kan taƙawa da munafunci take, amma ba a buga misali sai da abin da kowane mai hankali ya yarda wauta ne.

Akwai kuma masu cewa duk wannan rashin tawakkali ne, abin da Allah Ya ƙaddara sai ya auku. Amsarsu tana cikin hadisin mai raƙumi wanda Tirmizi ya ruwaito, inda aka umurce shi ya ɗaure sa'an nan ya dogara. Tana kuma cikin Suratul Kahfi, inda bawan Allah Haliru ya tarar da bango yana shirin faɗuwa a garin da aka hana su abinci, ya tayar da shi ba da lada ba, domin dukiyar marayu biyu da ke ƙarƙashinsa. Wanda Allah Ya sanar da shi abin da Annabi Musa bai sani ba, bai tsaya yana kallon bango yana jiran ƙaddara ba.

Malaman Malikiyya sun yi wa wannan bango babi. Idan katangar mutum ta karkata, aka gargaɗe shi a gaban shaidu, ya sami lokacin da zai iya gyarawa ko rushewa bai yi ba, sa'an nan ta faɗa wa mutum ko dabba ko dukiya, to, lamuni yana kansa. Idan tun farko a karkace ya gina ta, ba a bukatar gargaɗi. Ashhabu, almajirin Maliku, ya tafi a kan cewa in karkatar ta kai inda kowa ya san hatsari ce, mai ita zai biya ko an kafa masa shaida ko ba a kafa ba. Gaskiya ne hadisi ya lissafa wanda gini ya faɗa wa cikin shahidai, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa da Buhari da Muslim. Wannan daraja ce ga mamaci, ba kuɓuta ba ce ga mai bango. Duk damina ana jin labarin katangar da ta danne yara suna barci, a yi jana'iza, a ce kwana ya ƙare, a watse. Ba a cika jin wanda ya tambayi tun yaushe maƙwabta suke nuna wa mai gidan wannan tsaga ba. Wata takardar inshorar tana biyan diyyar wanda gini ya cuta, wannan kuwa abu ne mai kyau ga iyalin mamaci. Amma kamfani kuɗi yake biya, ba ya ɗauke zunubin wanda ya gani ya kau da kai.

Daga nan sai maganar ɓoye aibi, wadda ita ce tarkon da Shaiɗan ya fi kama masu gidaje da shi. Mutum ya ga bango ya tsage, maimakon ya kira injiniya sai ya kira mai filasta, a shafe, a yi fenti, sa'an nan ya tafi ofishin takaful ya rubuta cewa gini lafiya lau yake. Damina ta zo, ya kai kuka wai ruwan bana ne ya yi masa ɓarna. Dokar inshora da kanta ta wajabta wa mai shiga ya bayyana duk abin da ya sani, in kuwa aka gane ya ɓoye, ana iya soke yarjejeniyar ya tashi a tutar babu. In ma ba a gane ba, abin da ya karɓa haramun ne, kuma a takaful laifin ya fi muni, domin ba dukiyar wani kamfani ya ci ba, asusun 'yan'uwansa ya wawura, har da zubin gwauruwar da ta tara da ƙyar. Wanda ya shafe tsaga ya sayar da gidan, shi ma hukuncinsa ɗaya da mai tarin hatsin nan da Annabi (S.A.W.) ya cusa hannu a ciki ya ji danshi, ya tsawatar masa a kan algus. A mazhabar Maliku aibin gida hawa uku ne: ɗan ƙarami wanda ba ya rage daraja, babu kome a kansa, matsakaici, kamar tsagar da ba a tsoron ta kayar da gida, mai saye zai karɓi ragin kuɗi gwargwadonta, babba kuwa, wanda ake tsoron rushewa saboda shi, mai saye yana da ikon mayar da gida ya karɓi kuɗinsa. Dillalin da ya sani ya yi shiru abokin tarayya ne a cikin laifin. Gidan haya kuma in ya rushe kafin wa'adi ya cika, hayar ta warware a abin da ya saura, kuɗin watannin da ba a zauna ba sai a mayar wa mai shi, kamar yadda yake a Risala.

Wani abin lura ga wanda ya shiga da gaskiya shi ne ƙimar da ya rubuta. Ana lissafi ne da kuɗin sake gina gidan a yau, ba da abin da aka kashe shekarun baya ba. Misali, gidan da sake gina shi zai ci Naira miliyan 20, mai shi ya rubuta miliyan 10 don zubinsa ya yi sauƙi, in ɓarnar miliyan 4 ta same shi, miliyan 2 za a ba shi, domin rabin gidan ya lamunta. Wanda ya tuna yadda buhun siminti ya haura Naira 10,000 a farkon shekarar 2024 ya san ƙimar da aka rubuta shekara biyar da suka wuce ba ta gina ko rabin abin da ta gina a dā.

Game da wanda aka tilasta wa, dokar inshora ta 2003 ta wajabta inshora a kan benen da ake ginawa in ya haura hawa biyu, da kuma gine-ginen da jama'a ke shiga, sabuwar dokar da ta maye gurbinta a 2025 ba ta kuwa janye wannan wajibci ba. Wanda ya tuna benen nan mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi ta Legas ranar 1 ga Nuwamba 2021, ya kashe mutum fiye da 40, yawancinsu leburori, ba zai ce dokar ba ta da dalili ba. In akwai takaful, ita zai nufa. In babu, malamai sun yi rangwame saboda lalura, gwargwadon abin da aka tilasta masa.

Saura talaka mai gidan ƙasa, wanda shi ne mafi yawa, shi ne kuma ruwa ya fi yi wa ɓarna, ga shi bai taɓa taka ƙofar ofishin inshora ba. Shari'a ba ta manta da shi ba. A hadisin Ƙabisa wanda Muslim ya ruwaito, cikin mutum uku da roƙo ya halatta gare su akwai wanda ja'iha ta cinye dukiyarsa, har ya sami abin da zai tsaya da ƙafarsa. Wanda ruwa ya rushe wa ɗaki ya bar shi da iyali a makarantar firamare, ya shiga cikin masu cin zakka ko da jiya shi mai bayarwa ne. Dā can unguwa takan fito gayya kafin damina, a kwaɓa ƙasa, a yi yaɓe, a gyara indararo, a fara da gidan tsohuwa da na marayu, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Babu abin da ya hana masallacin unguwa ya rayar da wannan a yau: asusu ƙarami da littafi da amintattu uku, kowane gida ya zuba abin da ya sawwaƙa da niyyar kyauta, a kuma sa wani magini mai tsoron Allah ya zaga gidaje a watan Afrilu, kafin ruwan farko ya sauka, ya nuna bangon da ke bukatar tokari da wanda ba shi da magani sai rushewa. Wanda aka nuna wa nasa a gaban mutum biyu, shaida ta riga ta hau kansa tun daga ranar. Allah ne Mafi sani.